Darasi na Tara: Insulin na Dabbobi a Cikin Famfon Insulin

Manufar darasi

A ƙarshen wannan darasi, ana sa ran mai karatu zai iya:

1. faɗin inda insulin na dabbobi ya samo asali, da abin da ya bambanta shi da sauran;
2. bayyana yadda famfon insulin yake aiki;
3. lissafa sharuɗɗan da ake cikawa kafin a zuba insulin na dabba a famfo;
4. gane alamun faɗuwar sukari da alamun toshewar famfo, da abin da ake yi a kowanne.

Shimfiɗa

Duk abinci mai sitaci da muka ci, tuwo ne ko shinkafa ko doya ko burodi, jiki yakan narkar da shi ya mai da shi sukari, sukarin ya bi jini. Tsoka da sauran sassan jiki ba sa iya ɗaukar wannan sukari su yi aiki da shi sai da wani sinadari mai suna insulin. Wata gaɓa ce da ke kwance a bayan tumbi take yin sa, likitoci suna kiran ta fankiriyas. Idan gaɓar nan ta daina yin insulin gaba ɗaya, shi ne ciwon sukari nau'i na ɗaya, wanda ya fi kama yara da matasa, kuma mai shi ba ya rayuwa sai da insulin kullum. Idan kuwa tana yi amma bai wadatar ba, ko jiki ba ya karɓar sa yadda ya kamata, shi ne nau'i na biyu, wanda ya fi yawa a cikin manya.

Ba a shan insulin ta baki, domin ruwan ciki zai narkar da shi kafin ya kai jini. Ƙarƙashin fata ake sa shi, ko da sirinji, ko da alƙalamin allura, ko da wata 'yar na'ura da ake kira famfon insulin. Tambayar da wannan darasi zai amsa ita ce: insulin da aka ciro daga jikin dabba zai yi aiki a cikin wannan famfo? Amsar ita ce zai yi, amma da sharuɗɗa. Babban sharaɗin shi ne a san cewa famfo turawa kawai yake yi, ba ya canza halin maganin da aka zuba masa.

Daga mayanka zuwa kwalbar allura

Kafin shekarar 1922, yaron da ya kamu da nau'i na ɗaya ba ya daɗewa a duniya. Iyakar abin da likitoci suke iya yi shi ne su rage masa abinci har ya rame ya zama ƙashi da rai, don a ja masa kwana kaɗan. A 1921, a Jami'ar Toronto ta ƙasar Kanada, wani likita mai suna Frederick Banting da ɗalibi Charles Best, a ɗakin binciken Farfesa John Macleod, suka tatso wani ruwa daga fankiriyas na karnuka, suka ga yana sauke sukarin karen da aka cire wa tasa gaɓar. Da suka ga karnuka ba za su wadatar ba, sai suka koma karɓo fankiriyas na shanu daga mayanka. James Collip, masanin haɗa sinadarai, shi ya tace ruwan har ya yi kyawun da za a iya yi wa mutum allurarsa.

A watan Janairu na 1922 aka yi wa wani yaro ɗan shekara 14, Leonard Thompson, allurar farko. Yaron da aka fid da rai da shi ya tashi, ya ƙara shekara 13 a duniya. A 1923 kamfanin Eli Lilly na Amurka ya fara yin maganin da yawa don sayarwa, a shekarar ce kuma aka kafa wani kamfanin a Denmak mai suna Nordisk. Tun daga nan har shekara sittin, duk wani mai ciwon sukari da ya rayu da allura a duniya, da insulin na dabba ya rayu, galibi na saniya ko na alade. Babu wani sai shi.

Insulin na farkon zamani bai tsarkaka sosai ba. Yakan zo da burbushin wasu sinadarai na jikin dabbar, shi ya sa wurin allura yakan yi ja, ya yi ƙaiƙayi, wani lokaci kitsen da ke ƙarƙashin fata ya zagwanye wurin ya lotsa. A shekarun 1970 aka ƙware wajen tacewa, kamfanin Novo na Denmak ya fito da insulin na alade mai tsabta ƙwarai, waɗannan matsaloli suka ragu sosai.

Ina bambancin yake?

Ƙwayar insulin ƙananan sinadarai 51 ne da ake kira amino asid, jere a layi biyu, ɗaya mai 21, ɗaya mai 30. Frederick Sanger na Ingila ne ya gano jerinsu a 1955, kuma da insulin na saniya ya yi aikin. Da aka gwada da na ɗan Adam, sai aka ga na alade ya saɓa a wuri ɗaya tak cikin 51, na saniya kuma a wuri uku. Saboda haka garkuwar jikin mutum ta fi ganin na saniya a matsayin baƙo, ta fi yi masa tawaye. Na alade kuwa kusan ba ta bambanta shi da na gida.

A 1978 masana a kamfanin Genentech na Amurka suka koya wa wasu ƙwayoyin bakteriya yin insulin irin na mutum sak. A 1982 aka ba da izinin sayar da shi da sunan Humulin. Daga baya aka riƙa yin irinsa da yis. Wannan shi ake kira insulin na mutum, amma ba daga jikin kowa ake ciro shi ba, a masana'anta ake yin sa. Sai kuma a 1996 aka shiga wani sabon zango: aka sauya wa ƙwayar insulin tsari da gangan don ta riƙa shiga jini da sauri. Na farko shi ne Humalog, sai NovoRapid da Apidra suka biyo baya. Su za mu riƙa kira masu sauri a wannan darasi.

Ke nan iri uku ne: na dabba, na mutum, da sabbin da aka sauya wa tsari. A kowane iri kuma akwai garau, mai kama da ruwa, wanda ake yi don abinci, akwai kuma mai daɗewa a jiki. Tsohon mai daɗewa, wanda ake kira isofen, fari ne dususu-dususu, domin an gauraya shi da wani sinadari da ake samu daga kifi don ya rage masa gudu.

Yadda famfo yake aiki

Famfon insulin bai kai ƙaramar wayar hannu girma ba. Yana da batir, da 'yar kwamfuta, da ma'aji mai ɗaukar insulin yunit 180 zuwa 300, gwargwadon samfurinsa. Daga ma'ajin akwai siririn tiyo da ya tafi zuwa wata 'yar kanula ta roba da ake sokawa ƙarƙashin fatar ciki ko cinya ko saman ɗuwawu, a manne ta da filasta. Wasu famfunan, irin su Omnipod, ba su da tiyo, a jikin fata ake manna su kai tsaye. Ana canza kanula da wurinta duk kwana biyu ko uku.

Aiki biyu famfo yake yi. Na farko shi ne ɗigon tushe: dare da rana yana sakin insulin kaɗan-kaɗan, ko mutum ya ci abinci ko bai ci ba, domin hanta ba ta daina zuba sukari a jini ko ana barci. Na biyu shi ne kason abinci: idan za a ci abinci, mai famfon ya danna maɓalli, na'urar ta tura adadin da ya dace da abin da zai ci. Tun da ɗigon tushe yana tafiya ba tsayawa, ba a buƙatar insulin mai daɗewa. Insulin iri ɗaya kawai ake zubawa, garau mai gajeren aiki.

Amfanin wannan tsari shi ne ana iya riƙe sukari kusa da na mai lafiya. Wani babban bincike da aka yi a Amurka da Kanada daga 1983 zuwa 1993 a kan mutum 1,441 masu nau'i na ɗaya ya nuna cewa waɗanda suka matsa wa sukarinsu lamba, da famfo ko da allura sau uku ko fiye a rana, haɗarin lalacewar ido ya ragu musu da kashi 76 cikin ɗari, ciwon ƙoda da na jijiyoyi ma suka ragu.

Da na dabba famfo ya fara

A 1963 wani likita a Los Angeles, Arnold Kadish, ya ƙera famfo na farko da mutum zai iya ɗauka, amma girmansa ya kai jakar goyo, bai shiga hannun jama'a ba. A 1978 John Pickup da Harry Keen da abokan aikinsu a asibitin Guy's da ke Landan suka wallafa sakamakon gwajin da suka yi da wani ƙaramin famfo mai batir. Shekara ɗaya bayan haka William Tamborlane da Robert Sherwin na Jami'ar Yale a Amurka suka nuna irin wannan nasara a kan matasa. A lura da shekarun: 1978 da 1979. Insulin na mutum bai shigo kasuwa ba sai 1982. Ashe gwaje-gwajen farko da suka tabbatar wa duniya cewa famfo yana aiki, da insulin na dabba aka yi su.

Matsalar da ta fi damun masu famfunan farko ita ce toshewa. Insulin da yake zaune a tiyo kwana da kwanaki, ga ɗumin jiki, ga girgiza, ga iskar da ke ratsa robar tana ƙara wa ruwan tsami, yakan dunƙule ya toshe hanya. Na saniya ya fi saurin yin haka. Kamfanin Nordisk yana da wani insulin na alade mai suna Velosulin, wanda aka sa wa sinadarin fosfet don ya hana ruwan yin tsami, kuma masu famfo da yawa a shekarun 1980 da shi suka yi amfani.

Me ya sa wasu suka ƙi rabuwa da shi?

Da insulin na mutum ya bazu, aka mai da miliyoyin marasa lafiya kansa. Yawancinsu ba su ji wani bambanci ba. Amma wasu, musamman a Birtaniya da Suwizalan da Kanada, sun koka cewa tun da aka canza musu magani suka daina jin gargaɗin da jiki yake yi idan sukari zai faɗi. A da sai su ji rawar jiki da gumi da yunwa, su nemi abu mai zaƙi. Yanzu kuwa sai dai su farka su ga mutane a kansu. A 1987 Farfesa Arthur Teuscher na birnin Bern ya rubuta rahoto kan wannan a mujallar likitoci ta Lancet, muhawara ta ɓarke. A 1994 aka kafa wata ƙungiyar marasa lafiya a Birtaniya, IDDT, don kare haƙƙin wanda yake son ya zauna a kan na dabba.

A farkon shekarun 2000 masana na cibiyar Cochrane suka tattara gwaje-gwaje 45 da aka yi a kan mutum 2,156. Ba su ga wani bambanci na a zo a gani ba tsakanin na dabba da na mutum, ko wajen sauke sukari ko wajen yawan faɗuwarsa. Sun kuma ce yawancin gwaje-gwajen ba su da inganci sosai, kuma ba su duba yadda marasa lafiyar suke jin jikinsu ba. Wato ba a tabbatar na mutum ya fi ba, ba a kuma tabbatar yana cutarwa ba. Shi ya sa likitoci da yawa suka tsaya a kan cewa wanda yake zaune lafiya da maganinsa, babu dalilin tilasta masa canji.

Kasuwa dai ba ta jira muhawara ba. Ciwon haukan shanu da ya ɓulla a Birtaniya a 1986 ya sa ƙasashe suka tsananta doka kan kayan da ake cirowa daga shanu. Eli Lilly ya daina yin na dabba, Novo Nordisk ya janye nasa daga Birtaniya a 2007. Kamfanin Wockhardt ya ci gaba da yin sa da sunan Hypurin, amma a 2017 ya sanar da cewa zai daina na saniya. Na alade ne ya rage, masu amfani da shi kuma 'yan kaɗan ne. A cikin 'yan kaɗan ɗin nan ne ake samun masu son su sa shi a famfo.

Batun lokaci

Nan ne zuciyar darasin. A cikin kwalba, ƙwayoyin insulin garau na dabba da na mutum ba sa zama ɗai-ɗai, shida-shida suke curewa. Idan aka tura su ƙarƙashin fata, sai curin ya warware kafin su iya shiga jini, wannan kuma yana cin lokaci. Masu sauri an yi su ne yadda curin zai watse nan da nan. Ga yadda lokutansu suke, a kimance:

- Garau na alade ko na mutum: yana fara aiki bayan kamar minti 30, ya kai ƙarfinsa tsakanin awa 2 da 4, ya daɗe awa 6 zuwa 8.
- Mai sauri: yana fara aiki bayan minti 10 zuwa 15, ya kai ƙarfinsa tsakanin awa 1 da 2, ya ƙare cikin awa 3 zuwa 5.

Mai dafa shinkafa da wake ta san wake ake fara zubawa, in ba haka ba shinkafa ta caɓe wake bai nuna ba. Haka mai insulin na dabba zai riƙa yi: maganin ne zai riga abinci shiga, da rabin awa.

Mu ɗauki misalin wani tela mai buƙatar yunit 40 a rana. Likita ya raba masa: 20 ɗigon tushe, 20 na abinci. Idan aka raba 20 gida 24, kowace awa famfo zai saki kusan yunit 0.8. An kuma tsara masa yunit 1 ga kowane giram 10 na sitaci. Yau abincin ranarsa shinkafa da miya ne, mai sitaci giram 70, ke nan yunit 7. Ƙarfe biyu zai ci. In mai sauri ne a famfonsa, biyu saura kwata zai danna, kafin magariba maganin ya gama aiki. In na alade ne, tun ɗaya da rabi zai danna, kuma dole ya tabbata abincin zai iso a kan lokaci. In aka yi baƙo a shago, ko yaron da aka aika ya makara, magani ya riga ya kama hanya, ba a dawo da shi. Sai ya nemi abin da zai sa a baki.

Haɗari na biyu ya fi wannan ɓoyuwa. Famfo yana lissafa sauran insulin da bai gama aiki a jiki ba, don kada a tura wani a kan wani. Amma lissafin ya dogara da adadin awannin da aka saita masa. A ce famfon telan nan an bar shi a kan awa 4, yadda ake yi wa mai sauri. Ƙarfe biyar da rabi ya auna jini, ya ga sukarinsa ya ɗan hau. Famfo zai ce masa babu sauran magani a jiki, ya ba shi shawarar ƙarin yunit 3. Alhali yunit 7 na ɗazu ba su gama ba, suna da sauran awa biyu ko fiye. Sabo ya haɗu da tsoho, ana sallar isha'i mutum ya yanke jiki ya faɗi. Famfon bai lalace ba, abin da aka gaya masa ya bi. Saboda haka likita yakan tsawaita wannan saiti ga mai amfani da na dabba.

Haka abin yake ga ɗigon tushe. Mutane da yawa sukarinsu yakan hau da asuba. Mai insulin na dabba sai an fara ƙara masa ɗigo tun tsakar dare kafin ya tare wannan hawan. In zai yi aikin ƙarfi ko doguwar tafiya a ƙasa, sai ya rage ɗigon tun da sauran lokaci, ba sai ya fara gumi ba.

Sabbin famfuna, tun daga MiniMed 670G da aka ba wa izini a Amurka a 2016, suna haɗe da wata 'yar na'ura da ke auna sukari a fata kowane minti kaɗan, suna ƙara ɗigo ko su rage da kansu. Lissafin da ke cikinsu da masu sauri aka gina shi, da su aka gwada shi. In aka zuba musu mai jinkiri, za su ga sukari bai sauka ba su yi ta ƙari, daga baya duk ya taru ya sauko lokaci guda. Kamfanonin famfo sukan rubuta sunayen insulin da suka amince da su a littafin na'urar, kuma masu sauri ne a jerin. Wanda zai fita daga wannan jeri, sai da yardar likitan da ya san famfo, ya kuma san mara lafiyar.

Sharuɗɗa biyar

1. Garau mai gajeren aiki kawai. Isofen ko gauraye irin mai lamba 30/70 ba ya shiga famfo ko kusa, zai toshe tiyo, lokacin aikinsa kuma bai dace ba.
2. A duba ƙarfinsa. Famfo an yi shi ne don insulin mai yunit 100 a kowace mililita. A wasu ƙasashe har yanzu ana sayar da mai 40. In aka zuba shi, mutum zai samu kashi biyu cikin biyar kawai na abin da famfo ya nuna.
3. A gyara saitin lokaci, a kuma danna kason abinci rabin awa kafin ci.
4. A canza ma'aji da tiyo da kanula a kan kari, kada a yi tsimi a wuce kwanakin da likita ya faɗa.
5. A riƙa yawo da sirinji ko alƙalamin allura, da abin auna jini, da abu mai zaƙi.

Haɗari biyu da ya kamata kowa ya sani

Faɗuwar sukari ita ce idan awo ya yi ƙasa da 3.9, ko 70 a na'urorin da ke ƙirga da manyan lambobi. Alamunta rawar jiki, gumi mai sanyi, bugun zuciya, yunwa, jiri, da magana ba kan gado. In mutum yana cikin hayyacinsa, a ba shi sukari kamar cokalin shayi uku a ruwa, ko rabin kofin lemon kwalba mai zaƙi, a sake aunawa bayan minti 15. Da insulin na dabba sai a ci gaba da sa ido, domin maganin yana da sauran tafiya, sukarin zai iya sake faɗuwa. In ya suma, kada a ɗura masa komai a baki, a kwantar da shi ta gefe a garzaya asibiti.

Haɗari na biyu shi ne yankewar insulin. Mai famfo ba shi da insulin mai daɗewa a jikinsa, don haka in tiyo ya toshe, ko kanula ta lanƙwashe, ko batir ya mutu, cikin 'yan awanni jiki zai rasa magani gaba ɗaya. Sai ya koma ƙona kitse, wani abu mai tsami da ake kira kiton ya taru a jini. Alamunsa ƙishirwa mai tsanani, yawan fitsari, ciwon ciki, amai, da numfashi mai zurfi da sauri. Ƙa'idar da ake koya wa masu famfo ita ce: in awo ya haura 14, wato 250, ba tare da dalili ba, kuma an tura gyara bai sauka ba, kada a sake yarda da famfon. A yi allura da sirinji, a canza tiyo da kanula, a auna kiton, a sha ruwa. In amai ya fara, asibiti kai tsaye.

Abin da ya shafe mu a nan

Famfon insulin bai yawaita a Najeriya da Nijar ba. Kuɗinsa dubban daloli ne, ga kayan canji na kowane kwana uku da sai an shigo da su daga waje. Duk da haka abu biyu a darasin nan sun shafi duk mai allurar insulin a ƙasashenmu.

Na farko zafi. Insulin kowane iri ne, zafi yana kashe masa ƙarfi. Kwalbar da ba a buɗe ba a firji take zama, tsakanin digiri 2 da 8, ba a wurin ƙanƙara ba, domin in ya daskare ya lalace. Takardun insulin da ake sa wa a famfo sun ce a zubar da na cikin ma'aji in ya sha zafin da ya wuce digiri 37. A Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai, zafin watan Afrilu yakan haura 40. Mai famfo a irin wannan wuri sai ya kare shi daga rana, ya kuma riƙa canza na ciki da wuri. Inda babu wuta, a sa kwalbar a leda a ɗaure, a ajiye a tukunyar ƙasa mai jiƙaƙƙen yashi a inuwa. Wannan ya fi barin ta a aljihu ko a cikin mota nesa ba kusa ba.

Na biyu batun alade. Akwai masu gudun allurar insulin don sun ji an ce daga alade ake yin ta. Insulin da aka saba gani a asibitoci da kemis-kemis namu, irin su Actrapid, Insulatard, Mixtard, Humulin da Lantus, ba daga alade aka ciro su ba, da yis ko bakteriya ake yin su. Sunan irin insulin ɗin yana rubuce a jikin kwali, ana iya tambayar mai ba da magani ya nuna. Ko a inda babu wani sai na aladen, taron malamai da likitoci da Ƙungiyar Musulunci ta Kimiyyar Likitanci ta shirya a Kuwait a 1995 ya halatta shi ga mai ciwon sukari saboda larura. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba ya tambayi malaminsa da likitansa, amma kada ya ajiye allura kafin ya samu amsa.

Muhimman kalmomi

- Fankiriyas: gaɓar da ke yin insulin a jiki.
- Ɗigon tushe: insulin da famfo ke saki kaɗan-kaɗan dare da rana.
- Kason abinci: insulin da ake turawa saboda abin da za a ci.
- Kanula: 'yar siririyar robar da ke zama ƙarƙashin fata.
- Kiton: abu mai tsami da ke taruwa a jini idan jiki ya rasa insulin.

Tambayoyi

1. A wace shekara aka fara yi wa mutum allurar insulin, kuma daga wace dabba aka samo shi?
2. A wuri nawa insulin na alade ya saɓa da na mutum? Na saniya fa?
3. Wace hujja ce ta nuna cewa insulin na dabba yana iya aiki a famfo?
4. Wata mata tana da ɗigon tushe na yunit 24 a rana. Yunit nawa famfo zai saki a kowace awa?
5. Wani zai ci abinci mai sitaci giram 90 da ƙarfe takwas na dare, an tsara masa yunit 1 ga kowane giram 10. Yunit nawa zai tura, kuma ƙarfe nawa zai danna in na alade ne a famfonsa?
6. Me ya sa ba a zuba isofen a famfo?

Aikin aji

Ku kasu gida biyu. Kashi ɗaya su rubuta alamun faɗuwar sukari da taimakon farko, ɗaya kashin su rubuta alamun yankewar insulin da abin da ake yi. Kowane kashi ya karanta wa ɗaya, malami ya gyara.

Kammalawa

Insulin na dabba ya riƙe rayukan mutane shekara sittin, da shi kuma aka fara famfo. Har yau zai iya aiki a ciki in garau ne, mai ƙarfin 100, aka kuma daidaita na'urar da jinkirinsa. Amma famfunan yau don masu sauri aka ƙera su, don haka wannan hanya ta 'yan kaɗan ce masu dalili na musamman, a ƙarƙashin kulawar ƙwararre. In kana da ciwon sukari, ko kana jinyar mai shi, ka san sunan insulin da ake amfani da shi, ka san ƙarfinsa, ka san minti nawa yake yi kafin ya fara aiki da awa nawa yake ɗauka kafin ya ƙare. Kada ka canza iri, ko adadi, ko saitin na'ura, sai likitanka ya sani.